Matsayin Dangi da Neman Sanin Kai a Rayuwar Fanjabawa

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da sanin Fanjabawa, ko da yake ba kowa ya san su da wannan suna ba. Duk wanda ya kalli finafinan Indiya a gidajen silima na Kano ko Zariya ko Sakkwato a shekarun 1970 da 1980 ya ga Darmendra, ya kuma ji muryar Muhammad Rafi, dukansu kuwa a ƙauyukan Fanjab aka haife su. Haka nan labarin da waɗannan finafinai suka fi yawan maimaitawa, watau na saurayi da budurwa waɗanda dangi suka shiga tsakaninsu, yana da tsohon tushe a adabin wannan ƙasa.

Wannan maƙala za ta duba yadda Bafanjabe yake rayuwa a cikin danginsa, da kuma yadda marubuta waƙoƙinsu suka ɗauki saɓanin da kan faru tsakanin umarnin dangi da muradin zuciya suka mai da shi hanyar da mutum zai bi ya san kansa. Za a fara da bayanin ƙasar, sa'an nan tsarin gida, daga nan a shiga adabi, a ƙare da halin da aka shiga daga shekarar 1947.

2.0 Ƙasar Fanjab da Mutanenta

Sunan Fanjab daga Farisanci ya samo asali, inda "panj" ke nufin biyar, "ab" kuma ruwa. Ke nan ma'anarsa ita ce ƙasar koguna biyar, watau Jhelum da Chenab da Ravi da Beas da Sutlej, waɗanda duk a ƙarshe suke zubawa cikin babban kogin Indus. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai albarkar noma, musamman alkama da shinkafa da auduga da rake. Abincin da aka fi sanin mutanen karkara da shi a lokacin sanyi shi ne gurasar masara da miyar ganyen wani tsiro mai furanni rawaya da suke kira "sarson", a haɗa da man shanu da nonon da aka kaɗa. A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da alkama ta nuna, ake yin bikin Baisakhi, a yi kiɗan ganga, maza su yi rawar "bhangra".

Tun shekarar 1947 ƙasar ta rabu biyu. Yankin yamma yana cikin Fakistan, babban birninsa Lahor, kuma ƙidayar 2023 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 127, galibinsu Musulmi. Yankin gabas yana cikin Indiya, inda ƙidayar 2011 ta sami mutum wajen miliyan 28 a jihar Fanjab, mafi yawansu mabiya addinin Sikh, sai mabiya Hindu. Harshen ɗaya ne a baki, amma a takarda ya rabu: na yamma suna rubuta shi da baƙaƙen Larabci irin na Farisa, kamar dai yadda Hausawa ke yin ajami, na gabas kuwa da wani rubutu da ake kira Gurmukhi. Duk da bambancin addini, tsarin gida da al'adun aure da tatsuniyoyin soyayya kusan iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

3.0 Gida, Dangi da Mutunci

Yaro Bafanjabe tun yana koyon magana yake koyon taswirar danginsa, domin kowane ɗan'uwa da sunan da ake kiransa da shi. Kakan wajen uba "dada" ne, na wajen uwa "nana". Wan uba "taya", ƙanen uba "chacha", ɗan'uwan uwa kuwa, watau kawu, "mama". Waɗannan sunaye suna ɗauke da haƙƙoƙi daban-daban. Gidan kakannin uwa, wanda ake kira "nanke", wurin shagwaɓa ne da hutu, kuma idan auren yaro ko yarinya ya tashi, wajibi ne kawunai su zo da kaya na musamman. Gidan uba kuwa nan ne gona take, inda gona take kuwa nan rigima take. Da yake a al'ada tsakanin 'ya'ya maza ake raba ƙasar gado, 'ya'yan wa da ƙane kan tashi suna kallon juna a matsayin abokan takara. Suna kiran wannan dangantaka "sharika", wadda ta yi kama ƙwarai da abin da Bahaushe ke kira 'yan'ubanci.

Sama da gida akwai "biradari", watau taron gidajen da suka haɗa kaka ɗaya ko asali ɗaya. Biradari ke sasanta rigima, ita ke taruwa a biki da makoki, kuma da yardarta ake ƙulla aure. Musulmin Fanjab sun fi son auren zumunci a cikinta, Sikh da Hindu kuwa ba sa auren wadda suka haɗa zuriyar uba da ita, amma su ma ba kasafai sukan fita daga rukuninsu na asali ba. Abin da ke riƙe da wannan zumunci shi ne musayar kyauta da ake kira "vartan bhanji", wadda Zekiye Eglar ta yi bayaninta a littafinta na 1960 game da wani ƙauyen Fanjab na Fakistan. Mata ne ke riƙe da lissafin abin da kowane gida ya kawo na kuɗi ko tufafi ko alewa. Idan aka tashi ramawa, akan ɗora ɗan ƙari, domin kada lissafi ya zo daidai. Ranar da ya zo daidai, zumunci ya yanke ke nan. Macen da ta san yadda ake biki a ƙasar Hausa ba za ta buƙaci dogon bayani a kan wannan ba.

Ginshiƙin duk wannan tsari shi ne "izzat", kalmar da ta fito daga Larabci, ma'anarta mutunci ko martaba. Alamarta a wurin namiji ita ce rawani. Cire wa mutum rawani a bainar jama'a babban cin zarafi ne, wanda kuma ya ajiye rawaninsa a ƙafar wani ya kai matuƙa wajen roƙo. Aminai biyu kan yi musayar rawani su zama 'yan'uwa har zuriyarsu. Sai dai wannan mutunci ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne gaba ɗaya, kuma nauyin tsare shi ya fi faɗawa a kan 'ya'ya mata. Masu iya magana sun ce ɗan'uwa rigar ƙaya ne. Dangin da ke ciyar da mutum, su tsaya masa ranar wuya, su ne kuma ke iyakance masa inda zai sa ƙafa.

4.0 'Ya Mace Tsakanin Gida Biyu

Rayuwar 'ya mace a al'adar Fanjabawa ta kasu tsakanin "peke", gidan iyaye, da "sauhre", gidan surukai. Tun tana ƙarama ake nuna mata cewa baƙuwa ce a gidan ubanta. A da, 'yan matan unguwa kan taru a gida ɗaya, kowacce da abin kaɗinta mai ƙafa irin ta keke, wanda ake kira "charkha", su yi ta kaɗin auduga suna waƙa. Ana kiran wannan zama "trinjan". Zaren da yarinya ta kaɗa da shi za a saƙa shimfiɗu da mayafan da za ta tafi da su ɗakinta, har da mayafin "phulkari" mai adon furanni na zaren siliki. Ranar tafiya kuwa akan ɗauke ta a cikin "doli", wata irin kujera mai rufi da maza ke ɗauka a kafaɗa, ana waƙoƙin bankwana masu sa kuka.

A nan ne hikimar mawaƙan Sufaye na Fanjab ta bayyana. Shah Husaini na Lahor (1538 zuwa 1599), wanda shi kansa ɗan gidan masaƙa ne, da waɗanda suka biyo bayansa, sun ɗauki wannan hoto na yau da kullum suka yi wa'azi da shi. A waƙoƙinsu, gidan iyaye shi ne duniya, zaren da ake kaɗawa shi ne aikin kirki, kayan ɗaki shi ne guzuri, zuwan masu ɗaukar amarya kuwa shi ne ajali. Yarinyar da ta ɓata kwanakinta wajen wasa za ta isa gidan miji hannu sake. Abin lura shi ne, waɗannan mawaƙa maza ne, amma da muryar mace suke magana. Dalili kuwa shi ne, a cikin al'ummarsu mace ce ta fi kowa sanin ɗacin rabuwa da zaman jira, don haka ita ta fi dacewa ta wakilci ruhin ɗan'adam mai begen Mahaliccinsa. Ta haka matar da ba ta taɓa shiga makaranta ba ta sami darasin sanin kai a cikin aikin da ke hannunta.

5.0 Labarin Hir da Ranjha

Babu wani littafi da ya kai "Hir" na Waris Shah daraja a wurin Fanjabawa. An kammala shi a shekarar 1766, kuma waƙa ce doguwa mai baiti sama da 600, wadda ake rerawa da wata murya ta musamman a dandalin ƙauye. Labarin ya girmi Waris Shah, domin wani mawaƙi mai suna Damodar ya riga shi rubuta shi, amma nasa ne ya shahara.

Ranjha shi ne autan gidansu a Takht Hazara, ɗan lelen ubansa, ba ya aikin komai sai busa sarewa. Da uban ya rasu, 'yan'uwansa suka ba shi gonar da ba ta da kyau, matansu kuma suka dame shi da gori, har ya bar gida. Ya ƙetare kogin Chenab ya isa Jhang, inda ya haɗu da Hir, 'yar Chuchak, shugaban ƙabilar Siyal. Hir ta sa ubanta ya ɗauke shi kiwon garken ɓaunarsu, ya yi shekara 12 yana wannan bauta saboda ita. Daga baya wani baffanta gurgu mai suna Kaido ya tona asirinsu. Iyayen Hir suka ga ba zai yiwu 'yarsu ta auri baransu ba, suka ba da ita ga Saida na ƙabilar Khera. Hir ta tsaya gaban alƙali ta yi jayayya da shi a kan cewa aure ba ya ɗauruwa sai da yardar mace, amma aka ɗaura, aka sa ta a doli tana kuka.

Ranjha ya hau dutsen Tilla ya shiga cikin masu gudun duniya da ake kira "jogi". Aka aske masa kai, aka huda masa kunne, ya shafa toka, ya ɗauki ƙoƙon bara. Da wannan kama ya isa garin da aka kai Hir, ƙanwar mijinta Sahti ta taimaka musu suka gudu. Bayan an kama su an kai gaban sarki, aka ba Ranjha Hir, danginta kuma suka nuna sun yarda, suka ce ya je gida ya dawo da 'yan ɗaurin aure. Kafin ya dawo suka ba ta guba. Da labari ya riske shi, shi ma ya faɗi ya mutu. Akwai hubbaren da ake danganta musu a Jhang, wanda jama'a ke ziyarta.

Wanda ya duba labarin da kyau zai ga cewa duk sassan da aka ambata a baya suna cikinsa: 'yan'ubanci a kan gona, bambancin asali tsakanin mai gida da bara, baffa mai tsaron mutuncin gida, da alƙalin da ya bi son masu ƙarfi. Zai kuma ga cewa a kowane mataki Ranjha yana rasa wani abu da ake sanin mutum da shi. Ya rasa gona, ya rasa matsayin ɗan masu gida, ya rasa gashin kansa da tufafinsa, har ya ɗauki kamar mutanen wani addini. Abin da ya rage masa bayan an tuɓe duk waɗannan shi ne ainihinsa. Shi ya sa Sufaye suka ɗauki labarin a matsayin misalin tafiyar ruhi, har suka riƙa kiran Abin Begensu da sunan Ranjha.

Akwai wani labari da ya nuna ɗaya gefen matsalar, watau na Mirza da Sahiban. Bayan sun gudu, Mirza ya kwanta barci a gindin itace. Sahiban ta san cewa idan 'yan'uwanta maza suka cim musu, Mirza gwanin harbi ne, zai kashe su, don haka ta raba shi da kibansa. 'Yan'uwan suka iso suka kashe shi, ita ma ta bi shi. Fanjabawa sun daɗe suna gardama a kan ko Sahiban maciya amana ce ko kuwa 'yar halak ce da ta kasa yarda a zubar da jinin gidansu. Daɗewar wannan gardama ta nuna cewa al'ummar ba ta ɗauki ɗayan haƙƙoƙin biyu da wasa ba.

6.0 Bulleh Shah, Guru Nanak da Zubar da Girman Kai

Mawaƙin da ya fi kowa fuskantar tambayar sanin kai gaba da gaba shi ne Bulleh Shah na Kasur (1680 zuwa 1757). Sharifi ne, ya kuma yi karatu mai zurfi, amma ya zaɓi ya zama almajirin Shah Inayat na Lahor, shehin ɗariƙar Ƙadiriyya, ɗariƙar da Hausawa suka sani sarai ta hanyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shah Inayat ɗan ƙabilar Arain ne, masu noman lambu, waɗanda ake ganin ba su kai sharifai asali ba. Dangin Bulleh Shah suka ga ya zubar musu da mutunci, suka nemi ya janye, ya ƙi. A ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara, ya jero sunayen da mutane ke laƙaba wa kansu na addini da gari da asali, yana kore su ɗaya bayan ɗaya, ya bar tambayar ko shi wane ne a buɗe. Ya kuma yawaita sukar mai ilmin da ya karance littattafai amma bai taɓa karanta zuciyarsa ba.

A ɓangaren Sikh ma akwai irin wannan koyarwa, ko da yake ta wata hanya ta bi. Guru Nanak (1469 zuwa 1539) ya koyar da cewa babbar cutar ɗan'adam ita ce "haumai", watau ganin kai da cewa ni ne. Bai yarda mutum ya gudu daji don neman tsarki ba. Ya ce a zauna cikin iyali, a ambaci Ubangiji, a ci guminsa, a kuma raba da wasu. A Kartarpur, inda ya ƙare rayuwarsa yana noma, ya kafa al'adar "langar", watau ɗakin girki na kowa da kowa. Guru na uku, Amar Das, ya ƙarfafa ta har ya sa doka cewa duk mai son ganinsa sai ya fara zama a sahu ya ci abinci tare da jama'a. A ƙasar da asali ke hana wani cin abin da wani ya taɓa, zama a ƙasa kafaɗa da kafaɗa da wanda ake rainawa babban horo ne ga zuciya. Har yau wurin ibadarsu mai kubbar zinariya a Amritsar yana ciyar da dubun dubatar mutane kullum kyauta. Daɗin daɗawa, littafinsu mai tsarki, wanda aka fara tattarawa a 1604, yana ɗauke da baitocin Baba Farid na Pakpattan, wani shehin Musulmi na ƙarni na 13.

7.0 Rabuwar 1947 da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Agusta na 1947 wani lauya Baturen Ingila, Cyril Radcliffe, ya ja layin da ya raba Fanjab, ya bar Lahor a Fakistan, Amritsar a Indiya, alhali tsakaninsu bai fi kilomita 50 ba. Miliyoyin mutane suka yi ƙaura ta kowane gefe, dubban ɗaruruwa suka hallaka, aka sace dubban mata daga kowane addini. A nan aƙidar izzat ta nuna mummunar fuskarta, domin an mai da jikin mace fagen ramuwa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ceto danginsu sun ƙi karɓarsu.

Amrita Pritam (1919 zuwa 2005), wadda ita ma ta baro Lahor a wannan shekara, ta rubuta waƙa tana kai wa Waris Shah ƙarar abin da ya sami 'yan matan ƙasarsa. A ƙagaggen labarinta "Pinjar" na 1950, wata yarinya Bahindiya mai suna Puro ta kuɓuta daga wanda ya sace ta, ta dawo gida, iyayenta suka rufe mata ƙofa don tsoron abin da zai biyo baya. Aka sauya mata suna zuwa Hamida. A ƙarshe, da dama ta samu ta koma Indiya, sai ta zaɓi zama inda take, wanda shi ne karo na farko da ta yanke wa kanta shawara. Marubuciyar ta kuma rubuta tarihin rayuwarta a 1976, ta bayyana mutuwar aurenta da soyayyarta ba tare da ɓoye-ɓoye ba, abin da ba a saba ji daga bakin mace ba.

Zamani ya sauya abubuwa da yawa. Sabon irin alkama da injunan ban ruwa na shekarun 1960 sun kawo arziki, charkha ta koma kayan tarihi, Fanjabawa kuma sun bazu a Ingila da Kanada da Amurka. Amma tsohuwar matsalar ba ta gushe ba. Indiya ta haramta neman dukiyar aure daga iyayen amarya tun 1961, duk da haka nauyin ya sa gidaje da yawa ƙin haihuwar mace, har ƙidayar 2001 ta sami 'yan mata 798 kacal a kan kowane yara maza 1,000 'yan ƙasa da shekara bakwai a jihar Fanjab. A 2011 adadin ya ɗaga zuwa 846. Fakistan kuma ta tsananta dokar kisan da ake yi da sunan kare mutunci a 2016. A gefe guda, buɗe hanyar Kartarpur a 2019 ya ba wasu tsofaffi damar ganin 'yan'uwan da suka rabu da su tun 1947.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa Bafanjabe ba ya neman kansa a waje da mutane. A cikin lissafin biki da rigimar gona da kukan amarya yake gamuwa da tambayar ko shi wane ne. Mawaƙansu ba su ce a watsar da dangi ba, domin ko Hir da yardar iyayenta ta so a yi aurenta, wannan amana ce ma ta kai ta ga ajalinta. Abin da suka yaƙa shi ne alfahari da asali, da mutuncin da ake saye da ran 'ya mace. Abin mamaki shi ne, dattijon da zai zubar da hawaye idan ana rera waƙar Hir a dandali, shi ne kuma wani lokaci zai koma gida ya yi wa 'yarsa abin da Chuchak ya yi. Wannan saɓani ne ya sa labarin bai tsufa ba, har aka yi fim ɗinsa a Indiya da Fakistan duka a shekarar 1970. Ɗalibin adabin Hausa da ke nazarin jigon auren tilas a waƙoƙi da ƙagaggun labarai zai sami abin kwatance mai yawa a wannan adabi, musamman wajen duba yadda kowace al'umma ke auna haƙƙin iyaye da yardar 'ya'ya.